Abin da Aka Rubuta a Fayil ɗin Iftikhar

Mirpur Kalan,
9 ga Maris, 2009

'Yata Tabassum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Nadim da yara. Ki faɗa wa Sana kakanta ya ga zanen da ta aiko, sai dai har yanzu bai gane doki ne ko akuya ba.

Ranar Lahadi kin yi ta magana a waya, rabi ban ji ba. Kunnen nan ya ƙi waya, sai ki haƙura da takarda kamar mutanen da.

Ga abin da nake son faɗa miki. Kin san shekara talatin da huɗu na yi a ma'aikatar noman rani. An ƙara min girma sau ɗaya, a 1981, kina ƙarama. Daga nan shiru har na yi ritaya. Mutanen da na koya wa aiki da hannuna suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, har na wayi gari ina miƙewa tsaye in sun shigo ofis. Kowace shekara oga yana rubuta rahoton sirri a kan kowane ma'aikaci, a rufe a sa a fayil ɗinsa, kuma da rahoton nan ake yi wa mutum ƙarin girma ko a hana shi. Ban taɓa ganin ko shafi ɗaya na nawa ba. Yanzu an ce doka ta ba mutum damar neman takardun da suka shafe shi, ko da ya bar aiki. Ranar Alhamis na sa farar rigata na tafi.

Tiwari na tarar, akawun ɗakin fayil, yana nan a kujerarsa bakinsa ja wur da paan, ganyen nan da ake taunawa kamar goro, yadda na bar shi. Da ya gan ni ya ce, "A'a, Alam Sahab! Ashe ana ganinku? Ko gida ya ishe ka ne ka dawo mana?"

Na ce, "Fayil ɗina na zo gani."

Ya yi dariya har sai da ya nemi inda zai tofar. "Fayil ɗinka? Ai ba naka ba ne, na gwamnati ne. Sunanka ne kawai a jiki."

"To, sunan nawa nake so in gani."

"Haba, Sahab. Wanda ya yi ritaya me zai yi da rahoton sirri? Ko so kake a ƙara maka girma a kan gadonka? Ka je ka ɗauki jikoki ka sha iska."

Na ajiye masa takardar neman da na cike, na ce ya buga min hatimin karɓa. Ya juya ta gaba da baya, ya ce hatimin yana wurin wani da ya fita shan shayi. Na zauna a benci. Awa biyu da rabi na yi kafin mai shan shayin ya dawo, kuma ashe hatimin yana cikin aljihun teburin Tiwari tun farko. An ce kwana talatin za su ba ni amsa.

Na san za ki ce me ya yi zafi. Ba wani abu nake nema a wurinsu ba. Ina so ne kafin in mutu in san me na yi.

Ki gaida kowa. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Iftikhar Alam


Pune,
18 ga Maris, 2009

Abba,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya, muna gaishe ka. Sana ta ce raƙumi ne, kuma ta yi fushi.

Abba, awa biyu da rabi a kan benci, da wannan hawan jinin naka? Ka sha maganinka kafin ka fita, ko shi ma ka bar shi sai bayan kwana talatin? Ni dai ban ga abin da za ka tsinta a cikin tsofaffin takardu ba sai ƙura da tari. Kowa a unguwarmu ya san kai wane ne. Tun da Ammi ta rasu kake neman abin da za ka sa a gaba, na gane, amma ka nemi wani abin mana. Ka zo Pune ka yi wata biyu, Nadim ya gyara ɗakin baƙi.

Tunda na san ba za ka ji ba, na kira kawuna, Mamu Zahir, a Hyderabad na faɗa masa. Shi da ya yi shekaru yana shugabanka, kuma har yau manyan ma'aikatar suna zuwa gaishe shi, waya ɗaya zai buga a kawo maka fayil ɗin har gida, ka huta da Tiwari da jan bakinsa. Ya ce zai rubuto maka da kansa.

Ka daina cin soyayyen abu a bakin titi, an faɗa min.

'Yarka,
Tabassum


Hyderabad,
21 ga Maris, 2009

Ƙanena Iftikhar,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Ina gaishe ka gaisuwar 'yan'uwa, ina kuma roƙon Allah ya jiƙan ƙanwata Rehana, ya haskaka makwancinta.

Tabassum ta ba ni labarin zuwanka ofis. Na yi mamaki, na kuma ji ba daɗi da ba ka shawarce ni ba. Ni da kai mun wuce wannan. Ni na kawo ka gidanmu ka ga Rehana, ni na tsaya a ɗaurin aurenku, shekara shida kuma ka yi aiki a ƙarƙashina ban taɓa ɗaga maka murya ba.

Ka saurari wanda ya girme ka. Rahoton sirri an kira shi na sirri ne don a zauna lafiya. Shugaba yana rubutu cikin sauri, fayil hamsin a gabansa, wani lokaci yana jin yunwa, wani lokaci ya yi faɗa da matarsa da safe. Wanda ya zo yana karanta shi bayan shekara ashirin zai ga kalma ya ɗauke ta da nauyin da ba ta da shi. Wannan sabuwar dokar ta 'yan jarida ce da masu neman fitina, ba ta dattawa irinmu ba. Ka gama aikinka lafiya, ba a taɓa kai ka gaban kwamiti ba, ka aurar da 'yarka. Mutane nawa ne suka samu haka?

Ka janye takardar. In ka ga dama ni zan kira shugaban yanzu, yaron kirki ne, ya rubuto maka wasiƙar yabo da hatimi ka rataya a falo.

Mangwaro ya kusa fitowa, zan sa a aiko maka da kwando kamar kullum.

Yayanka mai ƙaunarka,
Zahiruddin Beg


Mirpur Kalan,
2 ga Yuli, 2009

Bhai Sahab,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Wasiƙarka ta zo, mangwaro ma ya zo. Ban amsa ba don ina jiran abin da zan amsa da shi. Jiya na samu.

Bari in ba ka labarin yadda aka yi, tunda kai mutum ne mai son a bi tsari. Da kwana talatin suka cika aka rubuto min cewa rahoton sirri ba ya cikin abin da ake nunawa. Na ɗaukaka ƙara. Aka ce to an yarda, amma ba a ga fayil ɗin ba, wataƙila ruwan damina na wata shekara ya ci shi. Na sake rubutawa, na ce a ba ni sunan wanda fayil ɗin ya ɓace a hannunsa. Cikin kwana huɗu ya bayyana, busasshe, ko ɗigon ruwa babu a jikinsa.

Tiwari ya ajiye shi a gabana bai yi zolaya ko ɗaya ba. Ya ce, "Sahab, ka zauna tukuna. In kawo maka ruwa?" Tun daga nan na san ya riga ya karanta.

Daga 1973 zuwa 1986 babu abin kunya. Mutane biyar sun rubuta a kaina, har da Baweja da ba ma ga maciji da shi, kowa ya ce mai ƙwazo ne, mai riƙon amana. Kai ma haka ka rubuta a shekarunka uku na farko. Sai na buɗe 1987.

Na san rubutunka, Bhai Sahab. Shekara talatin da biyar kana aiko mana da katin sallah. A wurin da aka tambayi amana ka rubuta: "Akwai shakku a kan amanarsa." Layi ɗaya ke nan. Ba ka ce na ci me ba, ba ka ce wa ya kawo ƙarata ba. Duk wanda ya zo bayanka ya ga layin ya rubuta "matsakaici" don ya tsira da kansa, kuma duk kwamitin ƙarin girma da ya zauna ya buɗe wannan shafi ya rufe. Na ga alamar jan fensir ɗinsu a gefe, sau bakwai.

Ka fi ni sanin ƙa'ida: in aka rubuta wa mutum mummunan abu dole a sanar da shi, a ba shi kwana arba'in da biyar ya kare kansa. A bayan shafin akwai wata 'yar takarda da ta ce an sanar da ni ranar 11 ga Afrilu, 1988, kuma na karɓa. An sa hannu da sunana. Ba hannuna ba ne. Ranar ma ba na gari, ina gidan mahaifiyata muna zaman makokinta, kai ma ka zo ka yi mana kwana biyu, kai ka riƙe kafaɗata a maƙabarta.

Na daɗe ina tunanin me ya faru a 1987, kuma abu ɗaya na tuna. A watan Fabrairu na ƙi sa hannu a kan aikin magudanar Ranipura, don simintin da ɗan kwangila ya zuba da farce ana kankare shi. Na rubuta maka rahoto. Ka kira ni gida muka ci biryani, ka ce in bar maka maganar a hannunka. Na bar maka. Injiniyan da ake shakkar amanarsa, wa zai saurari rahotonsa?

Shekara ashirin ina ɗauka ni ne ban iya ba. Ina tashi da asuba in riga kowa zuwa ofis, ina cewa bana dai za su gani. Duk lokacin da sunaye suka fito babu nawa, wurinka nake zuwa, kai kuma ka dafa ni ka ce komai da lokacinsa.

Tambaya ɗaya ce. Me ya sa?

Iftikhar Alam


Hyderabad,
14 ga Yuli, 2009

Iftikhar,

Wa'alaikas salam. Na karanta wasiƙarka sau uku. Na ce maka kada ka buɗe, ka buɗe. Yanzu sai ka ji sauran, kuma Allah shaida ne na so in tafi kabari da shi.

Ni na rubuta, ba zan yi maka gardama ba. Amma maganar Ranipura ka ajiye ta gefe. Simintin bai kai yadda kake faɗa ba, kai ne tun fil'azal komai sai ka kai shi ƙarshe.

Ka tuna a 1988 sunanka ne na biyu a jerin waɗanda za a ƙara wa girma. Ka tuna kuma duk wanda aka ƙara wa a shekarar, sabuwar madatsar da ke cikin daji ake tura shi, tafiyar kwana biyu daga gida, babu asibiti, babu makaranta. A can ne aka tsinci gawar Injiniya Mathur a cikin rami, bayan ya yi rigima da 'yan kwangila, kuma har yau ba a kama kowa ba. Mathur bai kai ka taurin kai ba.

Rehana ta zo gidana wata Asabar da la'asar, kana wurin aiki. Lokacin mahaifiyarmu tana kwance rabin jikinta ya mutu, Rehana ce ke juya ta, ga Tabassum da ciwon asma. Ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafata tana kuka. Ta ce, "Bhai Jan, yayana, in suka kai shi can gawarsa za a dawo min da ita. Ka san halinsa, ba zai yi shiru ba, kuma in an ce ya tafi tafiya zai yi." Na ce mata ba ni da ikon hana ƙarin girma. Ta ce, "Kana da biro a hannunka."

Da na rubuta "matsakaici" ba zai tsayar da kai ba, rahotanninka na baya sun yi kyau da yawa. Abu ɗaya ne kwamiti ba ya tsallakewa, shi na rubuta. Niyyata shekara ɗaya ce, in guguwar ta wuce in goge. Sai aka yi min canjin wuri zuwa hedikwata a 1989, fayil ɗin ya bar hannuna, kuma in na koma na ce na yi ƙarya, nawa aikin ne zai tafi. Ina da 'ya'ya huɗu a makaranta. Takardar sanarwar kuwa, da an kai maka da ka tayar da ƙura, ƙurar kuma da ta kai ga Rehana. Sai na rufe ta yadda na rufe.

Ka kira ni duk abin da kake so. Amma yau kana raye, shekararka sittin da biyu, ka ga jikokinka. Ka je ka tambayi matar Mathur ko za ta yi musaya da kai.

Ni ban ci amanarka ba, Iftikhar. Ƙanwata ta roƙe ni, na ji tausayinta.

Yayanka,
Zahiruddin Beg


Pune,
27 ga Yuli, 2009

Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Kwafin wasiƙun biyu da ka aiko sun iso, da 'yar takardar da ka haɗa, wadda ka rubuta "Kin san wani abu?" a kai. Kwana uku ina ɗauka ina ajiyewa.

Da farko na kira Mamu. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Mamu, mutumin da ya rasa wanda zai jingina wa laifi sai matar da ke kabari?" Ya ce, "Beti, 'yata, ke yarinya ce lokacin, ba ki san komai ba." Na ce, "Yarinyar ce ta ga Abba yana goge takalminsa da kansa don ya je ya gaida wanda ya koya wa aiki. Kai kana ina?" Ya kashe wayar.

Amma ka tambaye ni, kuma kai ka koya min kada in yi ƙarya. Na tuna ranar. Ina da shekara tara. Ammi ta tafi da ni gidan Mamu a keken haya, ta ce kada in faɗa maka don za ka yi faɗan mun bar kakata Nani ita kaɗai. Aka zaunar da ni a baranda aka ba ni biskit. Na ji kukanta ta taga. Abin da na ji da kunnena shi ne, "Ka yi duk abin da za ka yi, kada dai su ɗauke shi." Maganar biro ban ji ba. Ban ce ba ta faɗa ba, ban dai ji ba.

Abba, ni na yarda ta je ta roƙa. Ban yarda ta san abin da ya rubuta ba. Ammi ko takardar makarantata sai ka karanta mata. Ina ta san ana rubuta amanar mutum a wani shafi? Ita dai ta ga yayanta babban mutum ne, zai yi magana a bar mata mijinta. Shi kuma ya samu wuƙa biyu a kube ɗaya: ya faranta wa ƙanwarsa, ya rufe bakinka a kan Ranipura. In don ceton ranka ne, me ya hana shi zuwa ya faɗa maka bayan ya yi ritaya, lokacin da babu abin da zai rasa? Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Laifina ne da na kira shi tun farko. Ka yafe min. Kuma don Allah ka ci abinci, maƙwabciyarka ta ce kwanon da take aiko maka yana dawowa yadda ya je.

Zan zo ranar Juma'a ta sama, ko kana so ko ba ka so.

'Yarka,
Tabassum


Mirpur Kalan,
19 ga Satumba, 2009

Bhai Sahab,

Assalamu alaikum.

Ba zan yi jayayya da kai a kan Rehana ba. Ita ba ta nan ta amsa, kai kuma ka san haka lokacin da kake rubutawa. Abin da ka yi min da wasiƙarka ya fi abin da ka yi min da rahoton. Duk ranar da sunaye suka fito babu nawa, in na dawo gida nakan tarar ta dafa min kheer, shinkafa da madara da ta san ina so, ta zauna kusa da ni. Shekara ashirin ina cewa a raina babu wanda ya yi dacen mata kamata. Yanzu in na tuna ban san me nake tunawa ba, tausayi ne ko nauyin abin da ta sani. Wannan ma ka karɓe.

Maganar Ranipura kuma, tunda ka ce simintin bai kai yadda nake faɗa ba, na nemi wancan fayil ɗin shi ma. Yanzu na iya hanyar, Tiwari har kujera yake jawo min. Magudanar ta fashe a damina ta uku, ta cinye gonakin ƙauyuka biyu. Rahotona na Fabrairu yana ciki. A gefensa an rubuta da rubutun da na sani: "A duba rahoton sirri na wannan jami'i kafin a ɗauki maganarsa." Kwanan watan ya zo bayan ranar da ka rubuta layin a fayil ɗina da mako shida. Ko don ita ka rubuta layin, ka ci moriyarsa.

Ga dalilin wannan wasiƙa. Na rubuta wa ma'aikata na nemi a goge layin. Amsarsu ta zo, sakin layi biyu. Sun ce fayil ya nuna an sanar da ni a 1988, ban kare kaina cikin kwana arba'in da biyar ba, don haka ƙofa ta rufu. Na je da kaina na ga shugaban, wanda ka ce yaron kirki ne. Ya ba ni shayi, ya ce, "Alam Sahab, ni na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma takarda ta ce an sanar da kai. Ni takarda nake wa aiki." Na ce to takardar ƙarya ce. Ya ce, "Sai wanda ya rubuta ta ya faɗi haka a rubuce."

Na haɗo maka takarda da na sa aka buga. Jimla biyu ce: cewa ba a sanar da ni ba, kuma ba ka da wata hujja a kan amanata. Babu sunan Rehana, babu Ranipura. Na tambayi lauya, ya ce a shekarunka da daɗewar abin da wuya wani ya taɓa ka. Ba ƙarin girma zan samu ba, wannan ya wuce. Fayil ɗin nan zai zauna a kan shiryayye bayan ni da kai mun tafi, kuma duk wanda ya buɗe zai karanta cewa Iftikhar Alam ba amintacce ba ne. Ba na so in bar shi haka.

Ka taɓa sa hannu da sunana. Yanzu naka nake roƙo.

Iftikhar Alam


Mirpur Kalan,
30 ga Oktoba, 2009

'Yata Tabassum,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina cin abinci, ina shan magani. Ki gaida Nadim da yara.

Amsar Mamunki ta zo ranar Talata. Takardata ce ya mayar, a ninke yadda na ninke ta, babu sa hannu. Ya rubuta a bayan ambulan cewa ɗansa ya hana shi sa hannu a kan komai, kuma mu bar wa Allah. A ciki ya haɗo katin bikin jikarsa, mai ruwan zinariya, sunana a sahun manyan baƙi.

Ke ki je. Ɗan'uwan mahaifiyarki ne, yarinyar kuma ba ta yi mana komai ba. Ni ba zan je ba.

Jiya Alhamis na sayi furanni na tafi maƙabarta kamar yadda na saba. Na kai bakin ƙofa na tsaya. Na daɗe a tsaye, har mai gadi ya fito ya tambaye ni ko ƙafata ce ke ciwo. Na ba shi furannin na ce ya kai mata, na yi mata addu'a daga nan waje, na dawo gida.

Wataƙila mako mai zuwa in shiga. Kada ki tambaye ni a waya.

Mahaifinki,
Iftikhar Alam